Auta da Sarƙoƙinsa

Ƙanina yana da wayoyi uku, kuma babu wadda za ka kira ka same shi. In ka kira ta farko yana kan ta biyu, in ka kira ta biyu ya kashe mata murya, ta ukun kuwa ko lambarta bai ba ni ba, wai ba ta 'yan'uwa ba ce. Shagona yana ƙasan ofishinsa, matakala ce kawai tsakaninmu, amma in ina son ganinsa sai dai in ɗauki abin huda takarda in yi ta ƙwanƙwasa bututun ruwan da ya hau sama, har ya leƙo ta taga ya ce, “Yaya, minti biyu.” Na san minti biyun nasa. Na taɓa gama buga katin shaidar ma'aikatan kamfani guda a cikinsu.

Auta muke ce masa a gida, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu sunan bai sake shi ba. A waje kuma Ciyaman ne. Ni na goya shi, don haka babu wani Ciyaman da zai fito daga bakina.

Tun yana ƙarami bai iya cewa a'a ba. In yaran layi za su buga ƙwallo, shi ake bar wa gadin takalma, ya zauna a rana har a tashi ko taɓa ƙwallon bai yi ba. A makaranta shi ne monita, da monitan ajin kusa da su ya kwanta rashin lafiya sai aka haɗa masa aji biyu, ya dinga gudu daga ƙofa zuwa ƙofa yana tsawatar wa masu surutu, ba mai jinsa. Da son girma ne yake damunsa da na ji sauƙi, sai in zazzage shi in huta. Ba shi ba ne. Kawai in aka ce masa “babu mai iyawa sai kai”, sai jikinsa ya yi sanyi, ya miƙa wuya.

Ya karanta kwamfuta, ya yi shekaru yana gyaran na mutane a ɗakin da ke samana, lafiya lau, da yamma ya rufe ya tafi gida kamar kowane mai hankali. Sai wannan abin da suke kira bulokcen ya shigo mana. Da na tambaye shi mene ne, ya yi ta bayani har shayina ya huce ban kama komai ba. Daga baya ni na fassara wa kaina da yaren sana'ata, tunda ni mai fotokwafi ce. Rijista ce da ba ta zama a hannun mutum ɗaya. Kwafinta yana cikin kwamfutocin mutane da yawa, gari-gari, ƙasa-ƙasa, duk abin da aka rubuta sai ya bayyana a kowane kwafi, kuma kowane sabon rubutu a maƙale yake da wanda ya gabace shi, shi ya sa suke ce mata sarƙa. In wani ya goge nasa ya canza, sauran kwafin za su ƙaryata shi. Na ce masa ai wannan abu ne mai kyau. Ban san abin da nake sa wa albarka ba.

Da sarƙa ɗaya ya fara, ta takardun makaranta, inda ake ajiye shaidar kammala karatu don kada wani ya zo da ta jabu. Suka zaɓe shi shugaba. Masu sarƙar magani, waɗanda ke bin kowane kwali tun daga masana'anta har kantin kemis, suka ji labarin akwai wani bawan Allah da ba ya faɗa kuma ba ya barci, suka zo suka ce babu mai iyawa sai shi. Ta uku ta 'yan kirifto ce, masu saye da sayar da kuɗin intanet, mutane masu zafin kai, in farashi ya hau su ce dabararsu ce, in ya sauka su ce Ciyaman ne.

Shugabancin ma da shugabanci ne. Ba ya iya korar kowa, ba ya iya ba kowa umarni. Ko waƙafi za a canza a tsarin sarƙa sai an kawo shawara, an yi muhawara, an kaɗa ƙuri'a, sannan wasu 'yan amintattu masu riƙe da mabuɗai sun sa hannu. Aikin Auta roƙo ne. Ya roƙi wannan ya karanta abin da aka turo, ya roƙi wancan ya daina zagi, ya roƙi na can wata ƙasa ya kunna kwamfutarsa. Da yake kuma a warwatse suke a duniya, in na gabas sun kwanta na yamma sun tashi, kuma kowa gani yake shi kaɗai ne yake da Ciyaman.

Ofishin nasa in ka shiga sai ka ji kanka ya yi nauyi. Dogon tebur ɗaya, allon kwamfuta uku a jere, kowanne ya manna masa salatif mai launi, kore na makaranta, rawaya na magani, ja na 'yan kirifto. Wayoyin ma haka. A wuyansa igiyar takalmi ce da ya rataya mabuɗansa, wasu 'yan na'urori kamar filash ɗin kwamfuta da yake sa hannu da su, ko wanka zai shiga sai ya rataye su a ƙusar cikin banɗaki. Batiran sola suna gurnani a ƙarƙashin tebur, a kai kuma kofunan shayi ne da aka kurɓa sau ɗaya aka manta, da kwanon abincin da matarsa ta aiko tun rana, ko buɗe shi ba a yi ba.

Duk wannan da na ƙyale shi, kowa da irin wahalar da ya zaɓar wa kansa. Abin da ya hana ni ƙyalewa idonsa ne.

Wata rana da hantsi ya sauko da wasu takardu da na buga masa, yana ɓata rai. Ya ce, “Yaya, injin nan naki ya fara zubar da tawada. Dubi gefen hagu, duk ya yi baƙi.” Na karɓa na duba, takarda fes. Na zaro wata fara daga cikin kwali, wadda ko injin ba ta shiga ba, na miƙa masa. Ya ce ita ma ga tabon nan. Na sallami kwastomomin da ke tsaye, na ja ƙofar shago, na tasa ƙeyarsa zuwa asibitin ido, yana tafe yana amsa waya.

Likitar mace ce mai ƙarancin magana. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta auna jininsa, ta sake aunawa da wani abin awon don ta zaci na farkon ya lalace. Sannan ta ce hawan jini ne ya fasa wata 'yar jijiya a bayan idon hagu, kuma abin da ya tafi na wannan idon da wuya ya dawo duka. Na dama lafiyarsa ƙalau a yanzu, amma in jinin bai sauka ba, in bai samu barci da hutu ba, hanyar da na hagu ya bi ita zai bi. Tana cikin wannan magana wayar mai jan salatif ta yi ƙara a aljihunsa, kuma wallahi sai da ya kai hannu.

Likita ta dube shi ta saman gilashinta ta ce, “Malam, aiki nawa kake yi?”

Ya ce, “Ɗaya ne, sai dai ya kasu uku.”

Na ce, “Uku ne, likita, kuma babu wanda ake tashi daga shi.”

Ta ce, “To ka zaɓa, ko su ko idon.”

A gida, a gaban matarsa, ya yi alkawarin zai yi murabus daga dukkansu. Matar tasa malamar firamare ce, Malama muke ce mata, mace mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Ta yi hamdala, ni ma na yi. Na zaci murabus irin na mutane ne, ka rubuta takarda, ka ajiye makulli a kan tebur, ka ɗauki hularka ka fita.

Ashe a duniyarsu ko barin aiki sai an yi maka ƙuri'a. Sai ya rubuta shawarar cewa yana son sauka. Sai a ba jama'a lokaci su tattauna. Sai a zaɓi wanda zai gaje shi. Sannan a cire mabuɗinsa daga cikin masu sa hannu, kuma ba a cire mabuɗin mutum sai sauran masu mabuɗai sun sa hannu, shi ma ya sa nasa a ƙarshe. Na tambaye shi wane mara aikin yi ne ya tsara wannan doka. Ya sosa ƙeya ya ce shi ne, wai don kada wasu su haɗa baki su tsige wani.

Tattaunawar kaɗai ta isa ta sa wa mai lafiya hawan jini. 'Yan makaranta suka yi ta turo dogayen saƙonnin yabo, wani farfesa ya kawo shawarar a kafa kwamitin da zai duba ko murabus ɗin ya dace da ƙa'idojinsu, aka amince, aka naɗa Auta shugaban kwamitin. 'Yan kirifto kuwa cewa suka yi ya hango wani abu ne shi ya sa zai gudu. Farashi ya faɗi, suka yi masa ca, ya yi ta rantse-rantse cewa ido ne kawai. Wani mara kunya ya ce to ya turo hoton takardar asibiti su gani. Ya sauko da takardar wai in yi masa sikan ɗinta ya tura musu hoton. Na ce injina bai yi wannan lalacewar ba.

Ana cikin haka ya yi kuskuren da ƙiris ya rage in cire takalmi in jefe shi. Su mutanen sarƙa ba sa sa rana kamar kowa. In za a sauya tsari, ba a cewa ranar kaza da ƙarfe kaza. Sarƙar tana ƙirga tubalanta ne, wato kowane dunƙulen rubutu da aka ƙara mata, sai a sanar cewa in an kai tubali mai lamba kaza kowa ya koma sabon tsari a tare. A mako guda sauyi biyu suka haɗu masa, na masu magani da na 'yan kirifto. Auta ya ɗauki lambar masu magani ya aika wa 'yan kirifto. Kafin ya farga ya aika gyara, rabinsu sun saita kwamfutocinsu a kan lambar farko sun kama gabansu. Da lokaci ya yi, rabi suka sauya, rabi suka ci gaba da tsohon tsari, kowane ɓangare yana ƙara tubalansa yana cewa tasa ce ta gaskiya. Sarƙa ta rabe biyu.

Ni da na ji, har murna na yi a raina. Na ce to yanzu za su kore shi da kansu mu huta. Ina. Masu tsohon tsari suka ce dama can ba sa son sauyin, sun gode wa Ciyaman da ya 'yanta su, suka ba tasu sarƙar sabon suna, suka zaɓe shi shugaba ba hamayya. Masu sabon tsari suka ce babu inda za shi sai ya gyara abin da ya ɓata. Mutumin da ya shiga murabus da sarƙa uku sai ga shi da huɗu. Ya sauko shagona yana tambaya ko ina da salatif shuɗi.

Na ce, “Auta, dube ni da kyau. Kai wane irin mutum ne?”

Ya ce, “Yaya, na ɗan lokaci ne. In na sake su yanzu mutane za su shiga uku.”

“Idon fa?”

“Ina shan maganin.”

“Murabus ɗin fa?”

“Saura sa hannu. Masu mabuɗan ne ba su gama ba, kin san kowa da uzurinsa.”

Ya ɗauki salatif ɗin da kansa daga kan kanta ya haye sama.

Wannan amsar ya riƙe mana wata da watanni. Yau wane ya yi tafiya, gobe wane ya manta lambar sirrinsa, jibi matar wane tana asibiti. Ban san mutanen nan ba, ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma babu ranar da ba na tsine musu a cikina ina jera takardu. Na riƙa ayyana su zaune a cikin sanyin ofis, maɓalli ɗaya ya gagare su dannawa, ƙanina kuma yana ƙarewa a samana.

Malama takan biyo ta shagona in ta taso daga makaranta, ta zauna a kujerar masu jiran hoton fasfo, jakar littattafan ɗalibai a cinyarta. Ba ta kawo ƙara, sai dai ta ba da labari kamar na gidan wasu. Ta ce yanzu ƙwayar maganin a gefen kowace waya take ajiye masa, duk wadda ya ɗauka zai gani. Ta ce ya daina tuƙi, wai cunkoso ya ishe shi, motar haya yake hawa. Ta ce ranar da likita ta sa masa ya koma, da safe ya ce an ɗaga. Ta ce babbar 'yarsu ta kawo masa sakamakon jarrabawa, ya riƙe ya ce ma sha Allah ya mayar mata, alhali ta faɗi lissafi warwas.

Na ce, “Ke kuma kika zuba masa ido?”

Ta ce, “Yaya, in na yi magana sai ya ce in ƙara haƙuri, saura sa hannu. Ni ban san mutanen ba balle in je in roƙe su.”

Fassara ɗaya na yi wa duk abin da ta faɗa, cewa hankalinsa ya bar gida ya koma kan sarƙoƙi. Na ƙara cika na yi fam.

Ɗaya daga cikin masu mabuɗan ita ta kawo kanta. Wata mata ce mai babban kantin magani a ƙarshen titinmu, kowa Mai Kemis yake ce mata, ta zo a yi wa lasisinta lamineshan. Ina cikin saka takardar a leda sai na ga irin na'urar Auta a maƙale da makullan motarta. Na ajiye aikin na ce, “Hajiya, ashe kina cikin masu mabuɗan nan?” Ta ce eh, na sarƙar magani. Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na ce mata ba su da tausayi. Na ce mutum yana neman makancewa saboda su, su kuma danna abu ɗaya ya zame musu aiki. Na ce in bawa suke nema su faɗa, amma su sani yana da dangi. Har mai jiran fotokwafi ya ɗauki takardunsa ya sulale.

Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, “Yi haƙuri, 'yar'uwa, wa ya ce miki ba mu sa hannu ba? Ni ce ma na fara sawa, a ranar da aka gama ƙuri'a. Dukkanmu mun sa. Wanda zai gaje shi yana nan yana jira, har kunya ta fara kama shi. Na tambayi na makarantu, su ma haka. Na Ciyaman kaɗai ya rage. Mu mun ɗauka ya fasa ne, muka ga bai dace mu matsa masa ba.”

Na ba ta haƙuri, na gama mata aikinta. Tana fita na hau matakalar nan, gwiwar da take damuna ko jin ta ban yi ba.

Rana tsaka ce amma ya saki labulaye, ɗakin ya yi duhu-duhu. Allunan sun zama huɗu. Yana zaune hancinsa ya kusa taɓa na rawayan, ya ƙara girman rubutun har kalma uku sun cika allon, kamar allon talla a bakin titi. Na gani, amma haushi bai bar ni na yi tunanin komai a kai ba.

Na ce, “Na ga Mai Kemis.”

Ya ɗauke hannunsa daga kan tebur.

Na ce, “Wata nawa kana raina mana hankali? Ka sa na ɗauki alhakin bayin Allah, yau har na wanke wata tas a shagona ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ka sa matarka tana bin ka da ƙwaya kamar mai kiwon kaji. Ashe daɗin Ciyaman ɗin kake ji. To ka faɗa mana gaskiya mana, ka ce kujerar ta fi maka ido, mu san inda muka dosa. Ni na zaci cewa a'a ne kawai ba ka iya ba, ashe har ƙarya ka koya.”

Wayoyin suka yi ta zuru-zuru a kan tebur, wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka. Na tattara su na zuba a aljihun tebur na rufe. Na ce, “Yanzu za ka sa hannun nan, ina tsaye. Da ta magani za ka fara.”

Ya cire igiyar daga wuyansa a hankali. Ya laluba na'urorin ɗaya bayan ɗaya, yana kai su kusa da hasken allo, har ya ware mai rawayan salatif ya soka ta a kwamfuta. Sai a ranar na lura tana da ɗan allo a jikinta, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, da maɓalli biyu a gefe. Allon ya kawo haske, wasu ƙananan haruffa da lambobi suka fara tafiya a kai kamar tururuwa. Ya kawo ta kusa da fuskarsa. Ya nesanta ta. Ya karkata kai gefe, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye ta a kan tebur.

Ya ce, “Yaya, ba na gani.”

Na ce, “Ai ka rufe na hagun, duba da na daman.”

Ya ce, “Na daman nake nufi.”

Na jawo kujera na zauna. Ya yi ta magana yana kallon bango. Ya ce tun makon da sarƙar ta rabe abin ya fara, ba gajiya ce ta sa ya aika lambar da ba ita ba, lambobin ne tsakiyarsu ya ɓace masa, ya ɗauki layin sama a madadin na ƙasa. A kwamfuta yana iya ƙara girman rubutu ya lallaɓa. A wannan 'yar na'urar ba a iyawa, da gangan aka yi ta haka, don ko ɓarawo ya shiga kwamfutarka ya nuna maka ƙarya, abin da ke kan ɗan allon shi ne ainihin abin da za ka sa wa hannu. Wanda ya danna bai karanta ba, yana iya miƙa wa macuci sarƙar magani gaba ɗaya yana zaton murabus ya yi. Ya ce shi da bakinsa ya gaya wa dubban mutane kada su taɓa danna abin da ba su karanta da idonsu ba, kada kuma su bari wani ya karanta musu. Ya sayi gilashin ƙara girma ya gwada a ɓoye, haruffan suka yi girma, ramin da ke tsakiyarsu ma ya yi girma.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa?”

Ya ce, “In na gaya wa Malama, ta san na daman ma ya kama hanya. In na gaya wa masu mabuɗai, sun san wanda ba ya gani ne yake riƙe musu da sarƙa duk watannin nan. Likita kuma ta riga ta faɗa min, da wane ido zan kalle ta? Kullum cewa nake gobe zai washe, in sa hannun, in je asibitin da kaina, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.”

Na so in kwaɗa masa mari, na kuma so in ɗauke shi in goya kamar da. Haushin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai ya rasa inda zai sauka. Watannin da likita za ta iya yin wani abu a cikinsu ya zauna a ɗakin nan ya cinye su shi kaɗai, ni ina ƙasa ina zagin mutanen da ba su yi komai ba.

Na ciro gilashina daga jaka na ce, “Kawo in karanta maka.”

Ya ce, “Yaya, doka ta hana.”

Na ce, “Dokar wa? Taka ce ko? Ni na koya maka a, ba, ca, da a bakin ƙofar ɗakinmu kafin ka san hanyar makaranta. In zan karanta maka ƙarya da tun a lokacin na fara. Kawo nan, asibitin bai tashi ba tukuna, kuma yau ƙafata ƙafarka.”

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya turo min ita. Na sunkuya na fara karantawa, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba, shi kuma ya manna fuskarsa a babban allon yana bin su yana cewa “eh, ci gaba”. Abin da tsawo, sau biyu ina ɓacewa muna komawa farko. Da muka kai ƙarshe ya ce in sake karanta masa layin da ya ce a cire mabuɗinsa. Na sake. Ya lalubi maɓallan biyu da manyan yatsunsa, ya ja numfashi, ya danna.

Babu abin da ya faru a ɗakin. Batiran suna ta gurnaninsu, wayoyin suna ta zuru a cikin aljihun tebur. Na goge gilashina da gefen mayafi, na ce masa saura uku, ya yi sauri. Na buɗe tafin hannuna a gabansa. Ya ciro ta biyu daga igiyar ya miƙo min, amma ba saitin hannuna ya miƙo ba, can gefe ya riƙe ta a iska yana jira in karɓa.